Rawani a Bakin Rijiyar Baktawar

Ranar zaɓen majalisar dattawan jihar Punjab, a shekarun da jihar ke da wannan majalisa, wata mai yankan ciyawa ta iske rawanin Baktawar Singh a bakin rijiyar gonarsa. Sandarsa tana yashe a gefe, shi kuwa babu shi babu dalilinsa. Kafin hantsi duk mutanen ƙauyensu Mehmawal sun hallara a gonar, kowa yana faɗin wanda ya yi, alhali babu wanda ya ga komai. Abin kirki ɗaya da suka yi shi ne wanda aka saba: duk sawun da aka gani a ƙasa an kife shi da kasko ko kwando, don kada iska ko ƙafar 'yan kallo ta ɓata shi kafin Gajjan ya iso.

Gajjan shi ne mai bin sawu na wannan yanki. Shekara talatin da takwas yana bin ɓarayin shanu, bai taɓa cewa sawu ya ɓace masa ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, kafin ku rabu sai ka ji adadin shekarun nan. Mutum ne mai kirki, amma in ka taɓa idonsa ka taɓa ransa. Baktawar kuwa abokinsa ne tun suna kiwo tare, kuma kowace safiya in zai tafi gona sai ya ratse ƙofar Gajjan sun sha shayi suna zagin juna.

Wannan zaɓe ba irin wanda kowa da kowa ke dangwala wa alama hatimi ba ne. Wakilan majalisun gundumomi kaɗai ke jefa ƙuri'a, 'yan ɗaruruwa ne a duk yankin, kuma Baktawar na cikinsu. Lamba ake rubutawa a gaban sunan wanda kake so. Shi kuwa Baktawar ko sunansa bai iya rubutawa ba, don haka doka ta ba shi damar shiga da wani ya rubuta masa. A nan matsalar take. 'Yan takara biyu ne, duka manyan mutane masu laƙabin Sardar: Sardar Mukand, wanda Jito 'yar Baktawar ke auren ɗan ƙanensa, da Sardar Hazura, wanda suka yi musayar rawani da Baktawar tun suna samari, suka zama 'yan'uwa a gaban jama'a. Kowannensu ya riga ya aiko da mutumin da zai riƙe wa Baktawar alƙalami. Duk wanda ya shiga da shi, garin ya san wanda ya zaɓa. Ƙarfe huɗu na yamma za a rufe akwati a babban gari, tafiyar rabin awa a mota.

Gajjan ya iso yana dogara sanda, ya tarar Sardar Mukand ya riga shi, yana tsaye a kan motarsa yana zuba faɗa.

"Mutanen Hazura ne! Sun san ƙuri'ar surukina tawa ce, suka ɗauke shi. Ga sawun raƙumi nan, makaho ma zai gani. Wa ke da raƙumi a garin nan in ba Maghar ba? Wa Maghar ke yi wa dako in ba Hazura ba?"

"To tunda makaho zai gani, Sardar ji, me ya sa aka tashe ni ban gama shayina ba?" in ji Gajjan, har da "ji" ɗin girmamawa da ake ƙara wa sunan manya.

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Gajjan ya tsuguna ya soma ɗaga kasake ɗaya bayan ɗaya. Takalmin Baktawar ne, babu shakka, tsohon jutti na fata wanda dunduniya ɗaya ta cinye. Sawun ya fito daga gari ya zo bakin rijiya ya tsaya. Ga kuma sawun raƙumi ya wuce ta hanyar gefen gona, taku goma daga wurin. Ya juya ga rawanin, wanda ba a taɓa ba. Yana zaune daram a kan tarin ƙaiƙayin alkama, naɗinsa bai warware ba, ko ƙura babu a jikinsa. Gajjan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauka ya rataya a hannu.

*

An ɗaure Maghar a gindin bishiyar dandali, raƙuminsa a gefe yana tuƙa kamar ba da ubangidansa ake ba. Sufeton 'yan sanda ya iso a keke, yana zaune a gadon igiya yana fifita da hularsa, yana duban agogo.

"Chacha, ka cece ni," in ji Maghar da ya hangi Gajjan, yana kiransa baffa da yarensu. "Na rantse da abin da nake ci, buhunan auduga na kai tasha. Kullum ta nan nake bi. Yau ne kawai hanyar ta zama laifi?"

"Ka ga Baktawar?"

"Ban ga kowa ba."

"Ka ji motsi?"

"Na ji kamar ana tafiya cikin ruwa a magudanar gona. Na ɗauka kare ne."

"Me ya hana ka dubawa?"

"Haba Chacha, da sanyin asuba zan sauko daga raƙumi in gaida kare? Ni fa ko sunan majalisar nan ban iya faɗa ba. Me zan yi da tsoho? Ci yake kamar mutum uku, wa zai sace shi ya ciyar?"

Gajjan ya bi sawun raƙumin, Sufeto da rabin gari a bayansa. Ya auna zurfinsa da kara kafin rijiya, ya auna bayan rijiya. Ɗaya ne. Ya bi shi har kwanar tasha bai ga inda dabbar ta durƙusa ba.

"Raƙumi ba ya ɗaukar mutum a tsaye, Sufeto sahib, sai ya durƙusa. Wannan bai durƙusa ba, kuma nauyin da ya zo da shi da shi ya wuce. Baktawar ba tsinke ba ne."

"Wataƙila sun yar da buhu ɗaya suka ɗora shi," wani daga mutanen Mukand ya ce.

"To nemo mana buhun, tunda kai ka san inda suka yar."

Sufeto ya ce duk da haka ba za a kwance Maghar ba sai an tara kowa an taka yashi, an gwada sawunsu.

Suna komowa Sardar Hazura ya iso, fuskarsa kamar an shafa mata toka. Shi ba mai ihu ba ne. Ya ja Gajjan gefe ya ce, "Rawanin ɗan'uwana ne a hannunka. Shekara arba'in rawanina yana gidansa, nasa yana gidana. Ni zan tuɓe masa rawani? Duba motar Mukand. Ya gane Baktawar ba zai juya mini baya ba, shi ne ya ɓoye shi, yanzu yana ihu don a kalli wani wuri."

Maganar ta shiga kunnen Gajjan, don Mukand zai iya yin abin da ya fi haka. Ya koma gona ya duba sawun tayar motar. Amma tayar ta taka ƙasa bayan raɓa ta bushe, ta kuma bi ta kan sawun mai yankan ciyawa. Motar ta zo ne bayan an riga an ga rawani. Sardar biyu, kowa ya rantse ɗayan ne, kuma ƙasa ta wanke su duka. Rana ta kusa tsaka.

*

Gidan Baktawar cike yake da mata, amma matarsa Nihalo ba ta cikin masu kuka. Tana bakin murhu. Da ta ga Gajjan sai ta jawo masa gado inuwa.

"Zauna ka ci abinci."

"Bhabi, mijinki ya ɓace, kina maganar abinci?" in ji shi, yana kiranta matar ɗan'uwa yadda ya saba.

"In ka ƙi ci zai dawo ne? Zauna."

Ya zauna, don babu wanda ke musu da Nihalo. Ta yi masa gurasar masara, ta zuba man shanu har yana malala. Ya tambaye ta yaushe Baktawar ya fita, ta ce da asuba, kamar kullum. Ya ce ai bai ratso ƙofarsa ba yau, ta ce wataƙila ya gaji da ganin fuskarsa ne. Ya tambaya ko wani ya yi masa barazana. Nan ta ajiye ludayi.

"Barazana? Mukand ya aiko cewa in tsoho bai shiga da mutuminsa ba, mu shirya wa Jito ɗaki, da ita da 'ya'yanta biyu. Hazura kuwa bai aiko da magana ba. Da kansa ya zo ya zauna a inda kake zaune, ya sha ruwa, ya ce, 'Ni ba zan roƙe ka ba, ɗan'uwa.' Wannan ta fi ta Mukand ciwo. Kwana tara mutumin nan bai yi barcin kirki ba. Wai majalisar dattawa! Mu da ko ƙofarta ba za mu taɓa gani ba."

Ya miƙe zai tafi, ta ce shayi na kan wuta. Ya sha, ta ƙara masa. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta sake duba. A ransa Gajjan ya ce matar da aka sace wa miji hanya take kallo, ba sama ba.

"Gajjan," ta ce, ba ta dube shi ba, "kai ba ka gajiya ne? Shekarunka sun ja. Ko da yau ka ce ido ya gaza, wa zai zarge ka?"

"Ido na lafiya lau, Bhabi. Shekara talatin da takwas..."

"Na sani," in ji ta. "Duk mun sani."

Daga gidan ya koma rijiya shi kaɗai. Wani abu na damunsa tun safe, bai gane mene ne ba. Ya ɗaga kasko, ya kwanta rub da ciki, ya kusa sa hancinsa a ƙasa. Tun suna yara wata saniya ta harbi Baktawar a ƙafar hagu, shi ya sa yake jan ta, kuma duk takalmin da ya sa dunduniyar hagu ce ke cinyewa. Gajjan ya ga wannan sawu a ƙofar gidansa sau dubu. A nan kuwa cinyayyar dunduniyar tana dama.

Jutti ba shi da hagu ba shi da dama ranar da aka ɗinka shi, ƙafar mai shi ce ke koya masa. Mai shi ko a duhu ba zai juya shi ba, don zai ji a jikinsa. Wanda ya ara kuwa zai zura kawai ya kama hanya. Kuma takun gajere ne, yatsu sun karkata ciki, ƙafar ba ta cika takalmin ba. Ba Baktawar ne ya zo rijiya ba. Wani ne ya zo da takalminsa, ya kuma kawo rawaninsa, ya rasa zuciyar da zai jefa shi a ƙasa, ya nemi wuri mai tsabta ya ajiye. Sannan ya tuɓe takalmin ya bi magudanar ruwa, wadda ke wucewa ta bayan gidan Baktawar. Karen da Maghar ya ji ke nan.

Gajjan ya mayar da kaskon a hankali, ya zauna a bakin rijiya.

*

Bayan ƙarfe ɗaya aka share dandali aka baza yashi. Aka jera waɗanda ake zargi: Maghar, da mutanen Hazura uku, da direban Mukand, da mutumin da Mukand ya aiko ya riƙe alƙalami, wanda ya yi ta ƙorafin cewa shi malamin makaranta ne ba ɓarawon shanu ba. Aka gauraya su da mutanen gari, Gajjan ya juya baya, suka taka yashi ɗaya bayan ɗaya. Da suka gama ya juyo ya bi layin yana duba. Bai yi sauri ba. Shi da kan gama irin wannan aiki kafin a sha kofin shayi, yau sai ga shi yana tsugunawa a kan kowane sawu, yana aunawa da kara, yana komawa baya.

"Babu ko ɗaya a cikinsu," ya ce daga ƙarshe. "A kwance Maghar."

Aka kwance shi, ya rungume wuyan raƙuminsa yana kuka yana zaginsa. A daidai lokacin Nihalo ta fito da tulun tsala a kai don baƙi, tunda a kan mijinta aka taru. Ba ta lura ba ta ratsa gefen yashin da aka share. Taku huɗu ne kawai, gajeru, yatsu a karkace ciki. Gajjan ya gani, ta ga ya gani. Tulun ya yi rawa a kanta, ta dafe shi.

Ya saci kallon agogon Sufeto. Ƙarfe biyu saura kaɗan. Ya gane komai yanzu, har da gurasar da shayin nan biyu. Babu wanda ke ɗaure, babu wanda za a daka. In ya yi shiru har ƙarfe huɗu, da yamma Baktawar zai fito da wani labarin ƙarya na mutanen da suka rufe masa ido, kowane Sardar ya ci gaba da zargin ɗayan, Jito ta zauna a ɗakinta, rawanin musayar nan ya zauna a akwatin Hazura. Abin da ake nema a wurinsa kalma biyu ce.

"To, ina sawun ya nufa?" in ji Sufeto.

Gajjan ya ɗauke idonsa daga kan yashin. "Ya shiga ruwa, Sufeto sahib. Ya ɓace mini."

Ba a taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ya faɗa, bai mutu ba, har ya soma jin wani sanyi a ransa. Da an bar shi haka da shi ke nan. Amma Sardar Mukand ya tuntsire da dariya, irin ta mutumin da ransa ya ɓaci yana neman inda zai sauke.

"Ya ɓace maka! Kun ji ko? Tun safe muke bin tsohon makaho yana shinshina ƙasa kamar akuya. Dama na faɗa, shekara talatin da takwas ɗin nan da yake cika mana kunne da su, ɓarayin ne ke raɗa masa inda suka kai shanun, a raba. Yau da babu mai raɗa masa, ga shi nan. Kai direba, tafi hayin kogi ka ɗauko mini mai bin sawun can. Shi aƙalla yana ganin ƙafarsa."

Wani ya yi dariya a baya, wani ya taya shi. Ba su fi mutum biyar ba, kuma yawancinsu 'yan koren Mukand ne. Gajjan ya yi shekaru daga baya yana ƙirga su, bai taɓa samun fiye da biyar ba. Amma a lokacin ji ya yi kamar duk Punjab ce ke yi masa dariya. Jini ya hau masa ka. Nihalo tana tsaye da tulu tana girgiza masa kai a hankali, ya gan ta sarai.

"Makaho?" ya ce. "Ni? To buɗe kunnenka, Sardar ji. Ba wanda ya sace surukinka. Ko rijiyar bai je ba. Takalminsa ne ya je, an juya hagu a dama, kuma ga ƙafar da ta kai shi nan a kan yashi, taku huɗu. Rawanin da aka tuɓe wa mutum da ƙarfi warwarewa yake yi a ƙura, ba a zaunar da shi a kan ƙaiƙayi kamar ango. Sawun ya bi ruwa ya koma inda ya fito. Ka je ɗakin ƙaiƙayin gidansa ka duba, in ba ya ciki ka ƙwaƙule idon nan da hannunka!"

Ya yi maganar da daɗi, ya yi ta tsaf, babu gargada. Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Nihalo ta sauke tulun a ƙasa a hankali, don ko a wannan hali ba mai zubar da tsala ba ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

*

Suka fito da Baktawar daga ɗakin ƙaiƙayi, tsoho mai shekara sittin da biyar, kai babu rawani, furfurarsa a warware, ƙaiƙayi a gemu har cikin kunne. Duk garin yana tsaye a tsakar gidansa yana kallo. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kasa riƙe dariya. Sardar Hazura ya dube shi sau ɗaya ya juya ya fita. Mukand kuwa sai cewa yake, "A sa shi a mota, akwai lokaci, akwai lokaci."

Gajjan ya matsa ya miƙa masa rawanin da yake rataye a hannunsa tun safe. Baktawar ya karɓa, ya kakkaɓe kansa, ya ɗora. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi sauƙi.

"Nihalo ta ce a share sawun, na ce ba amfani, ba a ɓoye wa Gajjan ƙasa," ya ce, murya ƙasa ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji. "Ina cikin ƙaiƙayin nan ina jin tsoron kada su kira na hayin kogi. Da na ji an ce kai aka kira, sai hankalina ya kwanta. Har barci na yi, Gajjan. Rabona da barci kwana tara."

Aka sa Baktawar a mota.

A wurin zaɓe mutanen biyu masu alƙalami suka tsaya a ƙofa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Baktawar ya wuce tsakaninsu ya shiga shi kaɗai. Ya dangwala yatsa a littafin masu zaɓe kamar yadda ya saba a kowace takarda tun da aka haife shi, aka ba shi ƙuri'a, ya shiga bayan labule. Bai san yadda ake rubuta lamba ɗaya ba. Da sauran tawadar da ke babban yatsansa ya dangwala a gaban sunan farko, ya dangwala a gaban na biyu. A tunaninsa ya ba kowa hakkinsa.

Ranar ƙirga aka ɗaga takardar a gaban wakilan 'yan takara aka ce ta lalace. Ba sai an tambayi ta wane ne ba. Sardar Mukand ya ci zaɓe da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya, ya tafi majalisa ya zauna, ba a taɓa jin ya yi wata magana a cikinta ba. Amma bai manta ba. Kafin a gama girbin alkama Jito ta sauka daga keken doki a ƙofar ubanta, da akwatin ƙarfe da 'ya'ya biyu. Bayan mako guda wani bawan Allah ya kawo ƙunshi daga gidan Hazura, ba saƙo ba gaisuwa. Rawanin da Baktawar ya ba shi shekara arba'in da suka wuce ne, an wanke an ninke.

Sunan Gajjan kuwa sai ya ƙara tashi. Har hayin kogi ake ba da labarin takalmin da aka juya, Sufeto ma ya sa aka rubuta masa takardar yabo. In aka ce ya ba da labarin sai ya tashi ya bar wurin, kuma daga ranar ba a sake jin ya ambaci shekara talatin da takwas ba. Sau uku yana zuwa gidan Baktawar. Nihalo takan jawo masa gado ta kawo ruwa, don ba a hana baƙo ruwa, amma ba ta sake ɗora masa shayi ba, Baktawar kuma kullum wai yana gona.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne idon nasa bai gaza ba, ko kaɗan. Kowace safiya in ya buɗe ƙofa sai ya ga sawun a kan hanya, cinyayyar dunduniya a hagu inda ya kamata, ya fito daga gari ya nufi gona, ya wuce ƙofarsa ɗoɗar bai ko rage taku ba. Haka aka yi rani, aka yi damina, aka sake shuka alkama.

Wata safiya cikin sanyi ya fito ya tarar sawun ya zo daidai ƙofarsa ya tsaya. Ƙafa biyu a haɗe, sun ɗan nutse, alamar mai su ya jima a tsaye, ga ramin sanda a gefe. Daga nan suka juya suka ci gaba zuwa gona. Gajjan ya tsuguna ya daɗe a kansu, yana karanta abin da babu wanda zai iya karantawa sai shi. Sannan ya shiga gida ya ɗauko kaskon da ake toya gurasa, ya kife a kan sawun, ya ɗora dutse. Matarsa ta leƙo tana tambayar me aka sace kuma. Ya ce ba komai, ta dai ɗora shayi na mutum biyu gobe, ko da za a zubar.